Keken da na sa aka ƙera min a Panteka, abin da ya yi daɗi da abin da bai yi ba

Tun da na fara hawa wannan sabon keken guragun kusan kullum sai an tsayar da ni, ko a Kasuwar Barci ko a gidan biki ko a bakin titi ina jiran in tsallaka, ana tambayata wace ƙungiya ce ta raba, wani ma cewa yake wane ɗan siyasa ne ya bayar don shi ma ya kai sunan ƙaninsa. To babu wanda ya raba. Ni na je da kaina na sa aka ƙera min a wani ɗan shagon walda da ke ɓangaren Panteka, kuma tunda tambayar ta yi yawa gara in faɗi komai yadda yake, musamman saboda 'yan uwana mata masu fama da irin larurata ta shan inna waɗanda kunya ko rashin mai raka su ke hana su zuwa irin waɗannan wuraren. A taƙaice dai na gamsu, in da za a ce in sake zaɓa can zan koma, amma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba kuma ba zan ɓoye su ba, sannan ba kowa ne wannan keken ya dace da shi ba, wannan ma zan zo kansa.

Duk ɗan Kaduna ya san Panteka, nan Tudun Wada kusa da Kaduna Poly, inda ake ƙera ƙofofi da gadaje da murhu da injin niƙa da akwatunan ƙarfe, ƙarar guduma da walƙiyar walda tun safe har yamma. Shagon da nake magana ba shi da allo ba shi da komai, rumfar kwano ce da injin walda da tarin ƙarafa a gefe, mai shi wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba, da yara masu koyon aiki. Aikinsa na yau da kullum baro ne da amalanke da gyaran kekuna, keken guragu sai an sa shi yake yi.

Ni shan inna ce ta kama ni tun ina ƙarama, ƙafafuna biyu ba sa ɗaukata amma hannuwana Alhamdulillahi lafiya lau, ɗinki nake yi kuma da shi nake rufa wa kaina asiri. A 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, mun yi murna sosai wallahi, sai dai mu da ta riga ta taɓa muna nan da yawa a garin nan, mun girma, muna da sana'a da 'ya'ya da wuraren zuwa, kuma abin hawa shi ne rabin rayuwarmu.

Kafin wannan, keken asibiti ne da ni, irin mai naɗewa ɗin nan, a wani taron rabon kaya aka ba ni. Ba na raina alheri, Allah ya saka wa waɗanda suka bayar. Amma gaskiya ita ce babu wanda ya tambaye ni ko da kalma ɗaya, suna kawai aka kira aka turo shi aka ɗauki hoto aka kira na gaba, kuma duk wanda ya je wurin, babba da yaro, mai ƙiba da siriri, mai shan inna da wanda ya yi haɗarin mota, abu iri ɗaya aka ba shi. Wannan keken an yi shi ne don a tura mara lafiya daga ɗaki zuwa ɗaki a kan siminti mai santsi, ƙananan tayoyinsa na gaba da sun ga yashi ko tsakuwa sai su kafe, ya fi ni faɗi nesa ba kusa ba saboda haka sai na buɗe hannu sosai kafin in kamo taya, kafin in kai bakin layinmu kafaɗata ta fara ciwo. Ƙarshenta ya zama ba na iya fita sai da mai tura ni, wato sai lokacin da wani ya samu sarari. In ina son zuwa sayo yadi da safe, ƙanina ya ce sai ya dawo daga makaranta, to shikenan sai la'asar. Abin da aka ba ni don in samu sauƙi shi ya ƙara ɗaure ni a hannun mutane. Da madogarar ƙafar ta karye kuma aka zagaya aka rasa irinta.

Maganar kuɗi ita ce inda aka fara kai ruwa rana a gida. Ina da adashi da nake zubi, sai kuma kawuna ya ce zai fitar min da wani abu daga zakkarsa, amma nufinsa shi zai aika a sayo min sabon keken asibiti a kawo gida. Na ce masa, Kawu Allah ya ƙara arziki, amma don Allah ka ba ni kuɗin a hannuna in haɗa da nawa in je in sa a yi min wanda nake so. Ya ce ke 'yar nan ai wahala nake rage miki, me zai kai ki cikin maƙera da hayaƙi. Na ce Kawu ni tela ce, ban taɓa yanka wa mace yadi ban auna ta ba, ban tambaye ta irin ɗinkin da take so ba, ko da kuwa kyauta zan yi mata, to abin da zan zauna a kai daga safe zuwa dare ai ya fi riga. Ya yi shiru can sai ya ce to shikenan, Allah ya sa albarka. Ban ga laifinsa ba, ƙauna ce, amma irin ƙaunar da ta saba yanke wa mutum hukunci ba tare da an ji ta bakinsa ba, kuma mu mun sha ta tun muna yara.

Abin da ya fara burge ni a shagon Baba tun kafin a taɓa ƙarfe shi ne da ni ya yi magana. Wanda bai taɓa zama a keke ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Ni na saba in na shiga shago ko ofis tare da ƙanina, shi ake kallo, shi ake tambaya me take so, nawa za ta iya biya, ina zaune a wurin da kunnena da bakina. Ranar ma ƙanina ya buɗe baki zai fara bayani sai Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, samari bari mai keken ta faɗa, ya jawo benci ya zauna daidai tsayina ya ce, Malama ina ne da ina kike zuwa?

Tambayoyin da ya jero min ban yi tsammaninsu daga mai walda ba. Layinku kwalta ne ko ƙasa, da damina ruwa yana kwanciya, akwai hawa tsakanin gida da shago, me kike ɗauka in za ki fita, da kanki kike hawa ko ɗaga ki ake yi, ta wane gefe kike hawa, wane hannu ya fi ƙarfi, ina keken zai kwana, ƙofar zaurenku nawa ne faɗinta. Wannan ta ƙarshen ban san amsarta a lokacin ba sai da aka koma gida aka auno da igiya aka kawo masa. Da aka zo awon jiki kuma bai taɓa ni ba sam, ƙanwata ya miƙa wa tef ɗin ya koma gefe yana faɗa mata inda za ta auna, faɗin ƙugu a zaune, daga bayan mazauni zuwa bayan gwiwa a rage kamar yatsa biyu zuwa uku don kada bakin kujerar ya riƙa cin bayan gwiwa, daga gwiwa zuwa dunduniya, sai tsawon hannu zuwa inda abin tuƙin zai tsaya yadda ba sai na miƙe gaba ɗaya ko na duƙa ba. Na faɗi wannan ne saboda na san mata da yawa abin da ke hana su ke nan, to ki tafi da 'yar uwarki mace, ba za a matsa miki ba.

Keken irin mai taya uku ne, biyu a baya ɗaya a gaba, ana juya shi da hannu sarƙa tana jan tayar gaba, tayoyin kuma na keke ne na yau da kullum wanda duk mai faci a Kaduna zai gyara miki, boris da sarƙa da birki duk ana samu a wurin masu kayan keke, wannan kaɗai ya isa dalili. Inda na fi ganin darajar mutumin shi ne wuraren da ra'ayinmu ya saɓa.

Na farko akwati. Ni na so a sa min babban akwati a baya saboda yadi da kayan ɗinki da nake kai wa mutane. Ya ce 'yata zan yi miki in kin ce haka, amma ki sani tayar gaba ita ke ja, in nauyi ya taru a baya kika zo hawa a kan yashi gaban zai yi sauƙi tayar ta riƙa juyawa a banza ba ta kama ƙasa. Ya sa yaro ya ɗora bulo a bayan wani tsohon keke da ke wurin ya nuna min da idona. Na ga gaskiyarsa, na ce a mayar da akwatin ƙarƙashin kujera a sa masa kwaɗo. Na biyu faɗin baya, a nan ni na ƙi. Shi ya so ya buɗe tayoyin baya sosai don keken ya zauna daram, ni kuwa na ce dole ya shige ƙofar zaurenmu domin ba zan bar shi a waje ya kwana ba, kuma ba zan koma jiran a zo a ɗaga min shi kullum ba. Ya ce in aka matse shi zai fi saurin karkata in kin bi gefen hanya mai gangara ko kin sha kwana da gudu. Na ce na ji kuma na yarda da wannan haɗarin, zan kiyaye. Bai yi fushi ba, bai juya wajen ƙanina ya ce ku yi mata magana ba, bai kuma je ya yi yadda yake so a bayan idona ba, cewa ya yi to bari mu sauko da kujerar ƙasa kaɗan nauyin ya kusanci ƙasa sai a rage abin. Haka aka yi. Ya faɗa min abin da ya sani, ni na yanke, shi kuma ya nemi dabarar da za ta sa zaɓin nawa ya yi aiki. Wallahi ban taɓa samun wannan ba a duk wuraren da aka ce don mu aka buɗe su.

Sauran ƙananan abubuwa duk ni na zaɓa. Na ce a rufe sarƙar da faranti na ƙarfe saboda hijabi da bakin zani, duk macen da ta taɓa hawa irin wannan keken ta san yadda sarƙa ke cafke hijabi ta shafe shi da baƙin mai, kuma in ta ja da ƙarfi har wuya take shaƙewa, ba maganar kwalliya ba ce. Na ce a sa haƙoran sama, wato waɗanda sarƙa ke hawa a wajen abin juyawa da hannu, ƙanana don juyawa ta yi sauƙi a hawa ko da gudun zai ragu, ni ba tsere nake ba. Na ce gefen dama a bar shi a buɗe ba madogarar hannu saboda ta nan nake hawa. Wurin soke lema. Abu mai ƙyalli a baya saboda motoci in magariba ta same ni a hanya. Fenti shuɗi, kuma kada a rubuta komai a jiki, ba sunan kowa ba hoton kowa.

To yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Alkawari ya sha ruwa, an ce kafin Sallah sai bayan Sallah da daɗewa na karɓa, kullum maganar babu wuta ko man janareta ya yi tsada ko an kawo aikin ƙofofi na gaggawa, kuma ba ya kira ya faɗa sai ke kin kira, ga shi zuwa wurin ga mai irin larurata ba ƙaramin aiki ba ne da kuɗin mota. Babu takarda, babu rasit, na ba da kafin alƙalami da baki kawai, da aka zo cikawa sai aka ce ƙarfe ya tashi a ƙara wani abu, na san gaskiya ne ƙarfe na tashi amma da an rubuta tun farko ba za a yi wannan cacar bakin ba, shi ya sa ma ban faɗi farashi a nan ba don abin da na biya ba shi za ki biya ba, ki je ki yi ciniki kuma ki tafi da biro da takarda a rubuta kuɗi da rana da duk abin da kika ce a sa, a sa hannu gaban shaida. Gaban shagon akwai kwata da aka ɗora wa katako ɗaya, mai keke ba zai iya shiga da kansa ba, a waje muka yi duk maganarmu cikin rana mutane na wucewa suna kallo, na faɗa masa kai tsaye cewa Baba mai ƙera keken guragu bai kamata ƙofarsa ta gagari gurgu ba, ya ce gaskiya ne zai zuba ƙarfe a wurin, har zuwana na ƙarshe dai katakon ne. Fenti tun damina ba ta yi nisa ba ya fara ɓarewa a wajen walda, tsatsa ta fara leƙowa. Birki in ya jiƙe ba ya kamawa yadda ya kamata, wannan ya fi damuna a cikin duka. Sannan keken yana da nauyi kuma ba ya naɗewa, ba ya shiga Keke Napep, ba ya juyawa a cikin ɗaki, in tafiyar nesa ce kamar Kawo ko Sabo ko tashar jirgin Rigasa dole a nemi motar da za ta ɗauke shi. Saboda haka tsohon keken asibitin ban yar ba, Baba ya yi masa waldar madogarar ƙafa, shi nake amfani da shi a cikin gida.

Akwai kuma wani yaronsa da ranar gwaji ya kama bayan keken ya fara tura ni ba tare da na ce ba, da nufin taimako. Kafin in yi magana Baba ya daka masa tsawa ya ce kada ka ƙara taɓa keken mutum sai ya ce ka taɓa. Yaron ya ce yi haƙuri Anti. Wannan ɗabi'ar tana ko'ina a gari, mutum ya zo ta bayanki ya tura ki ba ki san shi ba ba ki san inda zai kai ki ba, kuma in kin nuna ba ki so a ce ba ki da godiya.

Babban gargaɗina shi ne kan abin zama. Soso Baba ya sa irin na kujerar falo aka rufe da leda, kwana kaɗan ya lotse. Ni da yake shan inna ce ina jin jikina, in wuri ya yi zafi zan gyara zama. Amma wanda ya samu rauni a laka, haɗarin mota ko faɗowa ko harbi, sau da yawa ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa, zai zauna a kan wannan soson fata ta mutu a ƙarƙashin ƙashi bai sani ba, ya zama gyambo mai zurfi, kuma irin wannan gyambon yana kashe mutane. Mai irin wannan larurar kada ya dogara da mai walda kaɗai, ya fara ganin likitan ƙashi ko masu gashin ƙashi a asibiti su duba shi su faɗa masa irin matashin da ya dace, haka ma yaron da ba ya iya riƙe wuyansa ko bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2008 ta fitar da ƙa'idojin bayar da keke a ƙasashe irin namu, masu matakai 8, tun daga tura mutum inda ya dace, a duba shi a auna shi, a zaɓi keken tare da shi, a nemo kuɗi a yi oda, a haɗa, a gwada masa a gyara, a koya masa amfani da shi, sannan a riƙa bibiya. Baba bai taɓa jin labarin wannan takarda ba amma awo da zaɓi da gwaji da bibiya duk ya yi su, ni ya ce in hau in yi kwanaki in dawo in faɗa masa inda ke damuna, na dawo na ce jinginar ta yi baya da yawa ya yanke ya sake waldawa bai karɓi ko sisi ba. Ɓangaren lafiyar fata da ƙashin baya ne ba nasa ba, kuma shi da kansa ya faɗi haka.

Wannan abin da na roƙi kawuna, a ba ni kuɗin in zaɓa da kaina, a wasu ƙasashen doka ce. A Ingila tun 1996 aka yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi damar miƙa wa mai buƙata ta musamman kuɗin hidimarsa a hannu, shi zai ɗauki mai taimaka masa, shi zai tsara masa lokaci, in bai yi masa ba ya sallame shi. A Suwidin tun 1994 suke da irin wannan haƙƙin. Kuma ba gwamnati ce ta farka ta ba su ba, su suka nema. A Amurka akwai Ed Roberts, shan inna ta kama shi yana ɗan shekara 14 har numfashi sai da na'ura, jami'an hukumar kula da naƙasassu ta jiharsu Kalifoniya suka ga ba zai iya wani aiki ba, ya dage ya shiga jami'a a Berkeley a 1962, shi da abokansa suka assasa cibiyar zaman dogaro da kai a 1972 wadda masu larurar da kansu ke gudanarwa, daga baya aka naɗa shi shugaban wannan hukumar da ta yanke masa ƙauna. Abin da suka tsaya a kai shi ne dogaro da kai ba yana nufin ki yi komai da hannunki ba, kowa yana buƙatar wani, yana nufin ke ce mai cewa wa zai taimake ki, yaushe, kuma ta yaya.

Mu ma a takarda ba a bar mu a baya ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, sashe na 19 ya yi magana ƙarara kan 'yancin mutum ya zaɓi inda zai zauna da wanda zai zauna da shi da samun mai taimaka masa. A Janairun 2019 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna mana wariya, wadda ta ce kamfanin da ya yi zai biya tarar Naira miliyan 1, mutum kuma Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu, ta ware mana kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. An kafa hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman a 2020, kuma a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan ya shugabance ta, mutumin da shi ma shan inna ta taɓa kuma ya daɗe yana ƙera irin wannan keken mai taya uku a Jos, to ya san zancen daga ciki. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. Abin da nake son gani shi ne wannan ya sauko ƙasa ya canza yadda ake bayar da taimakon, ko daga gwamnati ko ƙungiya ko masallaci ko coci ko attajiri mai fitar da zakka. Maimakon a yo odar kekuna iri ɗaya mota guda a tara mu a rana, a ba kowa takardar kuɗi ya kai wa maƙerin da ya zaɓa, a biya maƙerin in mai keken ya ce ya gamsu. Wani ma ba keke yake buƙata ba, sanda yake so ko takalmin ƙarfe ko a yi masa gangara a ƙofar gida ko jarin da zai ƙara a teburinsa, ba za a sani ba sai an tambaye shi. Kuma kuɗin zai tsaya a hannun masu sana'ar garin nan.

Ni dai tun da na ga yadda abin ya kasance da keken na canza har yadda ake taimaka min a gida. Akwai 'yar maƙwabtanmu da ta gama sakandare tana zaune, na yi magana da mahaifiyarta, yanzu ita ke zuwa da safe ta ɗebo min ruwa ta taya ni abin da ya gagare ni ta raka ni kasuwa ranar sayayya, ni nake biyanta duk mako daga kuɗin ɗinki kuma ina koya mata aiki a kan keken ɗinki, ni na faɗi lokaci, ita ma ta faɗi ranakun da ba za ta iya ba muka daidaita. Mahaifiyata da farko ta ji ba daɗi, ta ce ga 'yan uwanki a gida sai ki ɗauko bare ki biya, mutane za su ce mun gaji da ke. Na ce Inna ba gajiya ba ce, ƙannena suna da karatunsu, kuma wanda yake yi miki don Allah ba ki iya ce masa ya makara ko ba haka nake so ba, sai dai ki haɗiye ki ce na gode. Yanzu ni da su zumunci ne zalla, ba jiran juna ba ƙorafi.

Wanda zan ce ya je wurin Baba ko irinsa shi ne mai ƙarfin hannu, mai jin jikinsa, mai zirga-zirga a cikin unguwa ko zuwa kasuwa ko makaranta ko wurin sana'a. Ki auno ƙofar gidanku da ta shagonki kafin ki je, ki tafi da mace in mace ce ke, ki rubuta abin da kike so tun daga gida don kada hayaniyar wurin ta sa ki manta, kada ki bari a yi fenti sai kin hau kin zagaya domin gyaran walda ya fi sauƙi kafin fenti, ki ce a fara shafa jan fenti mai hana tsatsa a ƙasa ko da za ki ƙara kuɗi, soso kuma ki sayo mai tauri da kanki ki kai. Kada ki biya duka sai an gama. In wanda ya raka ki ya fara magana a madadinki ki dakatar da shi cikin ladabi ki ci gaba da bayaninki.

Birkin nan har yanzu ban haƙura da shi ba. Na gaya wa Baba ina son a ƙara na biyu a tayoyin baya wanda zan riƙa ja in kulle in na tsaya a gangara ko zan sauka, ya ce in kawo shi ranar da ba aiki da yawa ya duba yadda zai ratsa sandar ba tare da ta taɓa akwatin ba, kuma wannan karon mun rubuta kuɗin da ranar a takarda, kwafi ɗaya a wurinsa ɗaya a wurina.